Malami ya shiga kashi 2 cikin ɗari na masanan duniya: me lambar take aunawa, kuma ina malaman ilimi da zamantakewa suka maƙale?

Duk shekara idan jerin nan da ake kira na Stanford ya fito, wanda ake cewa ya ƙunshi kashi 2 cikin ɗari na masanan da suka fi tasiri a duniya, sai ka ga jami'o'inmu sun cika Facebook da WhatsApp da hotunan taya murna, wane ya shiga, wance ta shiga, shugaban jami'a ya yaba. Kafin ƙurar ta lafa kuma sai na AD Scientific Index ya biyo baya da nasa jerin gwanayen Najeriya. Daga nan tambaya take tasowa, to ina malaman fakaltin ilimi, ina 'yan sosholoji da kimiyyar siyasa da aikin jarida, me ya sa kusan kullum likitoci ne da 'yan kemistiri da injiniyoyi suke cika jerin? Ba sa bincike ne, ko kuwa sikelin ne bai san da zamansu ba?

Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, sai dai ba rabi da rabi ba ne, kuma ba za a gane inda laifin kowa ya tsaya ba sai an fara sanin me ake ƙirgawa tukuna.

Abin da ake ƙirgawa

Abu biyu ne. Na farko yawan abin da malami ya wallafa, maƙaloli a mujallun ilimi da malamai suka fi kira jonal, da babi a cikin littafi, da takardun kwamfarens. Na biyu ambato, wato saiteshan, duk lokacin da wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka ya sa sunanka a jerin manazartarsa, an rubuta maka ɗaya. Shikenan fa, ba wani sirri a ciki.

A 2005 wani masanin fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya haɗa biyun a lamba ɗaya da ake kira h-index. Bari mu yi lissafin da hannu. A ce Malama tana da maƙala goma, ka jera su daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa: 40, 22, 15, 9, 6, 5, 3, 1, 0, 0. Sai ka dinga saukowa kana tambaya, ta ɗaya ta kai ambato ɗaya? eh. Ta biyu ta kai biyu? eh. Har ka zo ta biyar mai 6, ta wuce biyar. Ta shida kuwa 5 gare ta, ba ta kai shida ba, nan ka tsaya. Lambarta 5 kenan. Yanzu ga wani Malam mai maƙala uku kacal, ɗaya an ambace ta sau 900, ɗaya sau 2, ɗaya sau 1. Lambarsa 2. Kaga mutumin da aikinsa guda ya girgiza fanninsa ya zo ƙasa da wadda jimillar ambatonta ɗari da ɗaya ne. Kuma lambar ba ta taɓa sauka, ko mutum ya yi ritaya ya koma gona tana iya ci gaba da hawa, shi ya sa kwatanta ta farfesa mai shekara talatin a aiki da ta wanda ya gama digirin dakta bara zalunci ne kawai.

Akwai kuma i10 da Google Scholar ke nunawa, wannan yawan maƙalolin da suka kai ambato goma ne, na Malamar can 3 kenan.

Wa ke riƙe da littafin ƙirgar

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don malami ɗaya yana iya samun lamba uku daban-daban kuma duk ba ƙarya ba ne. Rumbu uku ne manya. Web of Science shi ne dattijo, asalinsa aikin Eugene Garfield ne a Amurka wanda ya fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, na fannonin zamantakewa bai zo ba sai 1973, yanzu kamfanin Clarivate ke riƙe da shi. Scopus na kamfanin Elsevier ne, ya fito a 2004. Waɗannan biyun zaɓe suke yi, sai mujalla ta cika sharuɗɗansu suke shigar da ita, wadda ba su shigar ba kuwa ko sau dubu aka ambace ka a cikinta ba su gani ba. Google Scholar shi ma 2004 ya fito, amma shi kwashi-kwaraf ne, duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet ɗauka yake, har da kundin digiri da takardar da mutum ya ɗora da kansa ba wanda ya tace.

Jerin Stanford ɗin nan da Scopus yake aiki. Kuma a gyara wani abu, ba lambar yabo ba ce da jami'ar Stanford ta zauna ta bayar. Wani farfesa ne a can, John Ioannidis, shi da abokan aikinsa suka fara fitar da shi a 2019, suna lissafi da bayanan Scopus, kuma sai wanda ke da aƙalla maƙala biyar a rumbun ake ma sakawa a sikeli. Kala biyu ne, akwai na tsawon rayuwar aiki akwai na shekara ɗaya, kuma masu fostin ɗin taya murna ba kasafai suke faɗa maka wanne ne ba. AD Scientific Index kuwa wasu malamai biyu ne 'yan Turkiyya suka kafa a 2021, kuma daga shafukan Google Scholar na mutane yake ɗiban lambobinsa, wanda bai buɗe shafi ba babu shi a lissafi ko da shi ne uban fannin.

Dalilin da lambar 'yan ilimi da zamantakewa ke zuwa ƙarama

Farko dai al'adar fannoni ba ɗaya ba ce. A likitanci da kemistiri maƙala gajera ce, mutum goma ko ashirin ne a kanta, ɗakin gwaji ɗaya yana fitar da ita a kai a kai, kuma kowane ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan ambaton gaba ɗaya ake rubuta masa a h-index, ba rabawa ake yi ba. Mai binciken sosholoji da ya je ya zauna da masu sana'ar jima a Majema ko 'yan gudun hijira a Maiduguri yana hira da su wata da watanni, shi kaɗai ne ko su biyu, ƙarshe kuma littafi zai rubuta ko babi, su kuma Scopus da Web of Science an gina su ne a kan mujallu, littafi daga baya ya shigo kuma har yanzu ɗan kaɗan ne a ciki. Ga kuma lokaci. Ma'aunin da ake yi wa mujallu kansu, wanda ake kira impact factor, shekara biyu kawai yake waiwaya, alhali binciken da aka yi a kan yadda yara ke koyon karatu sai ya shekara biyar kafin ma a fara lura da shi.

Masu jerin Stanford sun san da wannan, shi ya sa suka raba masana zuwa ƙananan fannoni sama da 170, ɗan ilimi da ɗan ilimi ake gwada shi ba da likita ba. To amma da wane ɗan ilimin? Da na Amurka da Ingila da Ostareliya, masu rubutu da Turanci a kan makarantun da editocin manyan mujallun suka sani, waɗanda dubban masu bincike ke bibiya. Nan ne babbar matsalar take a ganina. Sinadari sinadari ne ko a Zariya ko a Tokyo, wanda ya gano wani abu a kansa duk duniya na da buƙata. Amma wanda ya yi bincike a kan dalilin da ke sa 'yan mata barin makaranta bayan aji uku na ƙaramar sakandare a ƙauyukan Jigawa, ko yadda tsangaya ke tafiyar da kanta, mutum nawa ne a duniya za su kafa hujja da shi? Waɗanda suka fi buƙatar aikin, wato hedimasta da jami'in hukumar ilimin bai ɗaya da mai tsara manhaja, ba sa rubuta maƙala balle su ambace shi.

Sai harshe. Malamin da ya rubuta da Hausa a Harsunan Nijeriya ta Bayero ko Ɗunɗaye ta Sakkwato, ko wanda ya rubuta da Larabci, a wurin waɗannan rumbuna kamar bai rubuta komai ba. 'Yan uwanmu na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da na Damagaram da Maraɗi da Faransanci suke yawancin rubutunsu, ƙarin girmansu ma ta hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu yake bi, su ma ƙirgar Turanci ba ta ganin mafi yawan aikinsu. Akwai AJOL da aka kafa tun 1998 don a tattara mujallun Afirka wuri ɗaya a intanet, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a ciki, amma shiga AJOL daban, shiga Scopus daban.

Kuɗi ma na ciki. Mujallu da yawa da kowa ke iya karantawa kyauta marubucin ne yake biya, dala dubu biyu, dubu uku, wasu fiye, a canjin yanzu albashin lakcara ne na watanni. Ana yin rangwame wani lokaci, kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ba da tallafin bincike, amma ba kowa ke samu ba.

In kana son ganin tasirin da lamba ba ta kamawa, duba aikin masanin ilimi Farfesa Babs Fafunwa a Ife. Daga 1970 shi da abokan aikinsa suka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi kawai, suka kwatanta su da waɗanda aka juya wa Turanci tun da wuri, yaran harshen uwa ba su gaza ba, sun ma fi a darussa da dama. Fiye da shekara hamsin kenan, har yau duk lokacin da aka tayar da rigimar da wane harshe za a koyar a firamare sai an koma kan wannan gwajin, a majalisa da ma'aikata da rediyo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga lissafin Scopus.

Ambato ba yabo ba ne

Duk wanda ya yi furojet a fakaltin ilimi ya san Krejcie da Morgan, 1970, teburin nan da ke babi na uku mai nuna yawan mutanen da za ka ɗauka a bincike, idan jama'ar bincikenka 100 ne ka ɗauki 80, idan 1,000 ne ka ɗauki 278, idan miliyan ne 384. 'Yar maƙala ce mai shafi huɗu, amma ambaton da ta tara ya fi na manyan littattafai da yawa, kuma rantsuwa ba kaffara akasarin masu ambatonta ba su taɓa buɗe ta ba, daga furojet ɗin wanda ya gabace su suka kwafo. Haka Taro Yamane da fomularsa ta irin wannan lissafin, haka Cronbach da ma'auninsa na ingancin takardar tambayoyi. Ko a kimiyya ma haka ne, da mujallar Nature ta yi ƙirga a 2014 maƙalar da ta zo ta ɗaya a tarihi ita ce ta Lowry ta 1951 a kan hanyar auna furotin, ambato sama da dubu 300, ta bar masu kyautar Nobel a baya. Kayan aiki ne aka fi ambata, domin kowa sai ya yi amfani da su.

Kuma ana ambaton mutum don a ƙaryata shi, kwamfuta ba ta bambancewa. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Reinhart da Rogoff, suka wallafa cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikinta bunƙasa takan durƙushe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da su wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya tarar sun tsallake wasu ƙasashe a lissafin. Duk maƙalar da aka rubuta ana tona wannan kuskuren, ƙarin ambato ce a shafinsu.

Yadda ake murɗe lambar

Tunda aka ɗaura ƙarin girma da suna a kan lamba, dole a samu masu yi mata dabara. Mafi sauƙi mutum ya yi ta ambaton kansa, kowace sabuwar maƙala ya jero tsofaffinsa goma ko sun dace ko ba su dace ba. Bayanan Ioannidis ɗin kansu sun nuna a 2019 cewa akwai aƙalla mutum 250 a cikin manyan da fiye da rabin ambatonsu daga su ne ko abokan rubutunsu. Sai adashen ambato, mu biyar mu haɗu, ka zuba min a taka in zuba maka a tawa, kowa kwasarsa na zuwa. Sai "sa sunana in sa naka", wanda duk mai zama a ofishin malamai ya san shi, maƙala ɗaya a kan koyar da lissafi a firamare amma ka ga sunan mutum shida har da wanda fanninsa ko kusa bai shafi abin ba. Sai mujallun 'yan kasuwa, waɗanda ke turo imel da "Dear Esteemed Professor" ko kai graduate assistant ne, ka tura yau ka biya gobe jibi ta fito. A 2013 wani ɗan jarida John Bohannon ya tura maƙalar bogi mai cike da kurakuran ganganci ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa.

Google Scholar ya fi kowa sauƙin yaudara. A 2024 wasu masu bibiyar maguɗin bincike suka buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi, suka ƙirƙiri maƙalolin shirme suka ɗora a intanet suna ambaton ta, kyanwa ta tashi da ambato sama da 130 kafin a ankara a goge. Yanzu ka tuna daga ina AD Scientific Index ke ɗibo lambobinsa. Su ma masu tacewar ba su tsira ba, a 2023 Clarivate ta cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerin masanan da aka fi ambata saboda maguɗi ya yi yawa, kuma a shekarar an janye maƙaloli sama da dubu 10 a duniya, mafi yawansu daga kamfanin buga mujallu na Hindawi.

Amma fa uzurin yana da iyaka

Duk abin da na faɗa a sama gaskiya ne, sai dai wasu malamanmu sun mayar da shi bargon lulluɓa. Idan mutum yana da maƙala sittin a takardar neman farfesa amma ko ɗaya ba a samunta a intanet, ba Bature ne ya ɓoye ta ba. Mun san yadda abin yake, dipatmen ya buga mujalla kwafi ɗari biyu, kowane marubuci ya biya ya karɓi nasa, a yi fotokwafi a ɗaure a cika kwali a aika wa masu tantancewa na waje, a samu maki, sauran kwafin su ƙare a saman kabad ɗin shugaban dipatmen ƙura ta ci. Ba a yi don a karanta ba tun farko. Kuma idan ka buɗe da yawa daga ciki kusan maƙala ɗaya ce ake maimaitawa, tasirin kaza a kan ƙoƙarin ɗalibai a ƙaramar hukumar kaza, a raba takardar tambayoyi, wato kwashinaya, a fitar da 'yan alƙaluman matsakaici da standad dibiyeshan, a rufe da shawarar gwamnati ta ƙara kuɗi. An canza sunan ƙaramar hukuma kawai. Irin wannan ko da Turancin Sarauniya aka rubuta shi a London ba mai ambatonsa, don babu abin ɗauka.

Ba wai malaman ne kaɗai da laifi ba, wanda ke koyar da aji mai ɗalibi ɗari biyar, ga makin jarrabawa ga furojet talatin a hannunsa, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas ba albashi, tsarin kuma yana ce masa kawo adadi kaza kafin shekara uku, to adadin zai kawo. Amma dai akwai 'yan ilimi da zamantakewa a jami'o'in nan namu da ke fitowa a manyan mujallu da irin wannan binciken na gida, kenan ƙofar ƙunci gare ta, ba a rufe take ba.

Masu cewa a riƙe da masu cewa a sassauta

Masu goyon bayan lamba suna da hujja mai ƙarfi a wuri irin namu. Kafin ta zo, makomar mutum tana hannun kwamiti ne da wa ka sani da wa ka taɓa ɓata wa rai, lamba kuwa ko ba komai kowa na iya buɗewa ya gani. Shi ya sa jami'o'i da dama yanzu suke sharɗanta wani kaso na maƙalolin ya kasance a Scopus.

Ɗaya ɓangaren kuma ba ƙananan mutane ba ne. Tun 2012 aka tsara sanarwar San Francisco da ake kira DORA, tana cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya fito a ciki, a karanta aikin. A 2015 ƙa'idojin Leiden guda goma suka biyo, ɗaya daga ciki kai tsaye ta ce a kare binciken da ya shafi buƙatar gida. China da ta shekara tana biyan malamai kuɗi a kan kowace maƙala ta hana hakan a 2020 bayan ta ga irin shirgin da ya haifar. Ingila kuma tun 2014 take sa jami'o'i su kawo shaidar abin da bincikensu ya canza a wajen jami'a, wace doka, wace manhaja, wane asibiti, kuma a zagayen tantance binciken jami'o'i na 2021 wannan ya ɗauki kashi 25 cikin ɗari na makin. Mu a nan muna rungumar ma'aunin ne daidai lokacin da masu shi ke rage dogaro da shi, ni dai abin da ya fi damuna kenan.

Inda abin ya taɓa wanda ba malami ba

Idan ƙarin girma ya dogara da abin da editan London zai so, matashin lakcara mai hankali zai bar binciken makarantar allo da karatun 'ya'yan makiyaya ya koma abin da ke tashe a waje, mu kuma da matsalar ke gabanmu mu rasa mai duba mana ita. Ɗalibin mastas shi ma yana ji a jikinsa, a ce sai ya wallafa kafin ya kare kundinsa, shi zai biya kuɗin mujalla, sunan sufabaiza kuma a gaba. Iyaye kuma suna ganin an ce jami'a kaza ce ta ɗaya su ɗauka can aka fi koyarwa, alhali lissafin bai leƙa aji ko sau ɗaya ba.

Don haka idan an turo maka hoton taya murna, ko kana neman wanda zai duba maka aiki, buɗe shafin malamin da kanka, minti biyar ne. Duba daga wane rumbu lambar ta fito. Duba maƙaloli biyar na sama, fanninsa ne ko wani wuri aka maƙala sunansa. Danna lambar da ke gefen ɗaya daga ciki ka ga su waye suka ambace ta, baƙi ne daga jami'o'i daban-daban ko kuwa shi ne da abokan ofishinsa uku. Idan ka ga ambato ya yi shekara takwas yana rarrafe sannan a shekara ɗaya ya ninka sau goma, a tambaya me ya faru a shekarar. Wanda kuma lambarsa ƙarama ce a ilimi ko sosholoji, nemi maƙalarsa guda ka karanta babin sakamakon, in ma ba ta samuwa a ko'ina ka je ofishinsa ka roƙi kwafi.